Karen Da Ya Sha Jifa

Mun sani tun daga ganin kan wannan magana wata uwargida za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma kare aka kawo mana a filin mata? An rasa abin faɗi ne?" Ki yi haƙuri ki karanta, domin maganar ta shafi ragonki da ke turke, ta kuma shafi ƙaurin ɗan autanki.

In kin taɓa bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo da sassafe, ko kuwa kika ratsa ta bayan kasuwar Gwandu bayan an watse, lalle kin gan shi. Ramamme ne, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa, kunnuwa a kwance, wutsiya a matse tsakanin ƙafafu. Ba ya bin tsakiyar hanya, sai dai ya raɓa jikin katanga. Da kin sunkuya za ki gyara takalminki sai ya yi ƙara ya zura a guje, don a saninsa duk mutumin da ya sunkuya dutse zai ɗauka. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi kuwa wannan ba sau ɗaya aka sare shi ba.

Da yawansu a dā suna da iyayengiji. Wani na mafarauci ne, ya ji rauni a farautar rani aka bar shi a baya. Wani na rugar da ta tashi ne. Wani kuma ruwa ne ya raba shi da gida, irin ambaliyar 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Sauran kuwa 'yan kwikwiyo ne da aka zuba a buhu aka kai juji. Daga nan sai yaran unguwa su karɓi aikin, da duwatsu da danƙo da sanda, manya suna zaune a ƙofar gida suna kallo, wani ma yana dariya.

To, ina ruwan mata? Ai ruwansu ne tsundum. Kiwo a ƙasarmu sana'ar mace ce. Ke ce kika sayi ɗan rago bayan kaka, kika bi shi da dusa da harawa wata da watanni, kina lissafin abin da zai kawo a Babbar Salla, watakila ma kuɗin gadon 'yarki ne a jikinsa. Maigida yana fadama wajen noman rani, ko ya tafi ci-rani, ɓarayi kuwa sun san gidan da ba namiji. Saboda haka wata rana sai ki ga an shigo da kare a igiya, galibi irin wanda aka samu a banza ɗin nan, watau mai tsoro. A ɗaure shi a bayan garke, mai ɗaurewa ya fita abinsa. Daga ranar, cinsa da shansa a hannunki suke, yaran da za su yi wasa kusa da shi kuma naki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma cikin mutum 10 da dabbar da ake zargi ta ciza, 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wannan ya isa ya shigo da kare filin mata.

Ra'ayinmu a nan shi ne, karen da tsoro ya cika shi hatsari ne a gida, amma yana gyaruwa, kuma ba wanda ya fi uwargida iya gyara shi. In ba za a gyara shi ba, kada a karɓe shi tun farko.

Kada wata ta ce muna koya wa mata dabi'ar Turawa ta kwana da kare a ɗaki. Ko kusa. Gwandu garin karatu ne, a nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, a nan hubbarensa yake, ba kuwa za mu zo mu faɗi abin da malamai za su ƙi ba. Duk wadda ta yi karatun Risala ta san an hana ajiye kare a gida haka kawai, an kuwa yarda da shi don tsaron dabbobi, da tsaron gona, da farautar neman abinci. Masu sharhin littafin sun kawo labarin mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a 996. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin da yake jin tsoro a kan ransa, sai ya ajiye kare. Aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi wannan, shi kuwa ya nuna musu cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da zaki ma zai ajiye. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, sai dai in ya sa baki a ƙwarya an ce a zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki ware masa kaskonsa biyu, na ci da na sha, kada su haɗu da kayan gida. Abin da ya shige miki duhu kuma ki sa maigida ya tambayo malami.

Abin da ba mu taɓa jin malami ya halatta ba shi ne azabtar da dabba. Kowa ya san labarin da ya zo a Buhari da Muslim na wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Muna ba yara waɗannan labaru a makarantar allo da safe, da yamma mu gan su sun tsare kwikwiyo a lungu, mu yi shiru. Haba jama'a!

Yanzu a ce an kawo miki shi, ko kuwa shi da kansa ya raɓo gindin dangarki yana neman ƙanzo, kuma kina da bukatarsa. Abin farko, kada kowa ya taɓa shi. Sai an tabbata tsoro ne ke damunsa, ba ciwo ba. Mai tsoro yana gudun mutane, yana neman wurin ɓuya, in an ajiye abinci an kauce zai zo ya ci, zai sha ruwa. Mai ciwon hauka halinsa ne ke juyewa farat ɗaya: yana yawo ba kan gado, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gifta, muryarsa ta canza, miyau yana dalala, haɗiya ta gagare shi. Akwai kuma nau'in da ba a cika sani ba, wanda kare ke yin lakwas, muƙamuƙinsa ya saki, ƙafafun baya su mutu. Wannan shi ya fi yaudarar mutane, don sai a ce ƙashi ne ya maƙale masa, wani mai tausayi ya sa hannu a bakinsa zai ciro. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki kwashe yara ki rufe ƙofa, a kira malamin dabbobi da mai unguwa.

In kuwa lafiyarsa ƙalau, duk da haka malamin dabbobi ne zai fara ganinsa. A yi masa allurar rigakafin hauka, a ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma, a duba ƙazuwa in gashinsa yana zuba. Allurar nan ba sai an je ƙasar waje ba, a Vom ta Jihar Filato ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa tun 1924. Kwikwiyo ana yi masa yana wata 3, sa'an nan a riƙa maimaitawa kowace shekara. Ki karɓi katin ki adana shi inda kike adana katin awon yara. Kuma tun da ba ki san inda ya yi yawo ba, ciwon kuwa yana iya ɓoyewa a jiki watanni kafin ya fito, sai ki tsare shi daban, nesa da yara da dabbobi, iyakar kwanakin da malamin ya ce.

Sai kuma babban aikin, watau cire masa tsoro, wanda ba a yin sa da gaggawa.

Ki sama masa wuri guda a kusa da garke, mai inuwa, inda zai iya shigewa ya ɓuya. Tsohon akurki babba ko 'yar rumfa mai bango a baya ta isa. Wurin nan nasa ne. In ya shige ciki kada a jawo shi, kada yaro ya zura masa kara, kada a taru a kansa ana leƙe. Kare mai tsoro da ya ga ba hanyar gudu, haƙori kaɗai ya rage masa, yawancin cizon da ake yi a gida kuwa daga nan yake fitowa.

Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, a lokaci ɗaya, safe da yamma, kuma gara ke. Ga wani abu da mutane ba su lura da shi ba: kada ki jefa masa abincin. Hannun da ya ɗaga sama, a wurinsa jifa ne, ko da tsokar nama ce a ciki. Ki je a hankali ta gefe, ba gaba da gaba ba, kada ki zuba masa ido, ki ajiye kaskon ki ja da baya ki ci gaba da aikinki. Ranar farko watakila ba zai ci ba sai dare ya raba. Ba kome. Bayan 'yan kwanaki zai ci kina tsakar gida. Sai ki riƙa ɗaukar kujerarki 'yar tsugunne da farantin tsintar shinkafa ki zauna daga nesa, gefenki yana wajensa, kina 'yar magana ƙasa-ƙasa, kina kiran sunan da kika sa masa. Gobe ki matso taki ɗaya. In ya daina ci, ko ya sandare, ko ya shiga lasar leɓe da hamma alhali ba barci yake ji ba, to kin matso da yawa, koma inda kike jiya. A nan mace mai zaman gida ta fi kowa dama, don yini guda yana jin muryarki, yana jin dakanki da tankaɗenki, har ya gane cewa wannan motsin ba ya kawo duka.

Shi zai fara zuwa wurinki, ba ke ba. Ranar da ya matso ya shinshina gefen zanenki, ki bar shi, kada ki yi zumbur, kada kuma ki kai hannu kansa. Ba dole ne ma ki taɓa shi ba har abada in ba ki so. Abin da ake nema shi ne ya natsu da mutanen gida, ya zo in an kira shi, ya yarda maigida ko babban ɗa ya sa masa igiya ba kokawa. Wani kare mako biyu ya ishe shi, wani sai ya yi wata uku ko fiye. Kuma zai riƙa komawa baya: tsawar farkon damina, ƙarar babur a zaure, taron biki, abin fashewar da yara ke kunnawa da Salla, kowane ɗaya yana iya mai da shi cikin rumfarsa kwana biyu. Ki bar shi ya fito don kansa.

In ya yi gurnani kada a doke shi. Mun san wannan zai ba wasu mamaki. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a ja da baya. Karen da ake duka don ya yi gurnani yakan daina gurnanin, amma tsoron yana nan, sai ya koma cizo ba sallama. Wanne kika fi so a gidan da ke da yara?

Akwai kuma wata gurguwar fahimta da ta zauna a zukatan maza musamman, wai sai an bar kare da yunwa, an ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a rana, an zuba masa barkono a abinci, sa'an nan zai yi zafi ya yi tsaro. Ki tambayi Sarkin Baka na garinku ko haka mafarauta suke yi wa karen da suke ji da shi, ko kuwa ki dubi yadda karen Bafulatani ke bin garke ba igiya. Karen da aka azabtar ba ya rarrabe ɓarawo da ɗan maƙwabci. Ɓarawo ya zo da dare ya jefa masa ƙashi ko ya ɗaga sanda, ya shige rami. Da rana almajiri ya yi sallama, ya kama masa ƙafa. Tsaron da kike bukata haushi ne da zai tashe ku ya tashi maƙwabta, karen da ya ƙoshi ya san gidansa kuwa shi ke yin sa.

Abincinsa ba wani abin wahala ba ne. Tuwon da ya kwana, ƙanzo, ɗan romo, ragowar nama ko kifin da aka cire wa ƙaya. Wanda ya daɗe da yunwa a fara masa kaɗan-kaɗan. Ruwa kada ya yanke, balle a watannin bazara. Ban da dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya huda hanji. Mu da ke maƙwabtaka da Aliero, garin albasa, sai mu ƙara da cewa albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, goro da cakulan kuma guba ne a gare shi. Wajen haɗa shi da dabbobi, a fara da danga a tsakaninsu, yana ganinsu suna ganinsa. Wanda ya taɓa farauta sai an sa masa ido sosai a kan kaji da 'yan awaki.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane ne ke gyaruwa ba. Wanda ya riga ya yi mummunan cizo fiye da sau ɗaya, ko gidan da ke da mai rarrafe kuma ba wurin da za a ware, to a haƙura. A nemi mafarauci ko makiyayi da zai iya da shi, ko a bar wa malamin dabbobi ya yanke shawara. Ko wanda ya gyaru ma, ba a barin ƙaramin yaro da shi su biyu.

Ke kuma 'yar makaranta, da ke muke. Masana halin dabbobi sun gano cewa abin da kwikwiyo ya gamu da shi tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwarsa shi ke bin sa har girma. Kwikwiyon da ƙanenki ke ja da igiya a ƙasa yau, shi ne karen da zai tare miki hanyar makaranta baɗi. Ki hana shi, in ya ƙi ki gaya wa Inna. In kin gamu da kare a hanya kada ki ruga, kada ki yi ihu, kada ki sunkuya neman dutse. Tsaya cik, hannuwa a jiki, ki kau da ido gefe, yawanci zai shinshina ya wuce. In ya kā da ke, ki dunƙule ki rufe fuska da wuya. Karen da ke ci, da wanda ke barci, da karya mai shayarwa, ba a zuwa kusa da su.

In kuma cizo ya auku, ko yakushi, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, ki faɗa nan take. Iyaye mata, a nan laifin namu ne. Yaro yakan ɓoye cizo don ya san shi ya fara jifa, yana tsoron bulala. Ciwon kuwa yakan yi wata 2 ko 3 bai nuna ba, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, ranar da ya nuna kuma magani ya ƙare. Duk yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi, a ajiye faɗa sai wani jiƙon. A kama wurin a wanke da sabulu, ana tsiyaya ruwa daga buta, har minti 15 cur, a duba agogo. A shafa aidin in akwai. Ban da toka, ban da barkono, ban da ƙona gashin karen a shafa. Sa'an nan a nufi asibiti a ranar, ko babban asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, in ba su da allurar a tambayi inda ake samu. A dantse ake yin ta, ranar da aka je, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, da abin da likita ya ƙara, kuma sai an cika duka. Mai ciki da mai goyo duk ana yi musu. Wannan allura tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada ta a Faransa a kan wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, yaron kuwa ya rayu. Abin kunya ne a ce bayan shekaru fiye da 130 muna binne yara a kan abin da aka san maganinsa. Karen da ya yi cizon, in an san shi kuma ba alamar hauka, kada a yi saurin kashe shi. A tsare shi kwana 10 malamin dabbobi yana dubawa, amma ba a jira kwanakin su cika kafin a fara wa yaro allura.

Ga ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo kuma muna da kira. Duk sa'ad da aka ciji wani, abin da aka saba shi ne samari su fito da kulake, ko a watsa guba a juji. Gubar nan akuyar wata za ta ci, kaji su ci, ungulu su ci, bayan 'yan watanni kuma wasu karnuka su cike gurbin. Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wuri allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, tun daga 2007, ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ƙasashe kuma sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane da shi nan da 2030. Muna so mu ga an fito da malaman dabbobi ƙofar hakimai da bakin kasuwa da rugage, a yi shela tun da mako guda, a sa Sarkin Baka da ardo a gaba, don su ne masu karnuka da yawa. A kuma tabbatar akwai allurar mutane a firjin asibitocinmu, kada uwa ta yi ta yawo da yaro daga gari zuwa gari.

Kafin su motsa, uwargida, yau in maigida ya gama cin tuwo ki tambaye shi katin allurar karen da ke bayan garke. In ya ce babu, ku sa ranar da za a kira malamin dabbobi, ki kuma tuna masa da safe.